Sifikun Baba da Kaset ɗin Gwaggo

A Zongon Lome, mai dangi a Arewa ba a cika rubuto masa wasiƙa ba. Kaset ake cikawa da magana a ba direba. Haka Gwaggo, yayar Baba, ta aiko da nata daga Katsina, ba a jima ba ta rasu. Duk duniya nan kaɗai muryarta ta rage.

Baba na da sifiku biyu na katako, manya, da ya sayo a Akra tun yana saurayi. Da can labarai yake ji da su, da waƙoƙin yabon shugaban ƙasa da gidan rediyo ba ya gajiya da sakawa. Ran da ya sa kaset ɗin Gwaggo sai ya ɓata rai, ya juyo gare ni.

"Uwata, sun tsufa. Sun shaƙe mata murya."

Ni kuwa ina jin ta tangaran, har tarinta. Kunnen Baba ne ya tafi. Na sani, na kasa faɗa, kuma har yau haushin kaina nake ji.

Sai aka shiga gwaji. Wani mai gyaran rediyo a unguwar Nyékonakpoè ya kawo sifiku 'yan Jamus masu fuskar yadi, Baba ya ce muryar ta yi kauri kamar ta namiji. Aka kawo 'yan Japan ƙanana, ya ce sai ƙara kamar gwangwani. A cire waya, a ɗaura waya, a mayar da kaset baya. Kuma da wane kaset ake gwadawa? Da na Gwaggo! Kai, wauta! Cikinmu babu wanda ya yi tunanin a kwafe shi tukuna.

Zaren kaset ɗin ya yi ta cinyewa. Gaisuwarta ta fara rawa, sunayen jikoki suka dusashe. Wata la'asar, an haɗa wasu 'yan Ingila masu nauyi, rediyon ya tauna zaren ya tsinke shi. Ban da shuuu babu abin da ke fita. Mai gyara ya dube ni, na girgiza masa kai kada ya faɗa wa Baba.

Baba ya matso, ya manna kunne jikin katakon, ya daɗe a haka. Hawaye ya gangaro cikin gemunsa.

"Yauwa, waɗannan ne. Kin ji ta ko, Uwata? Me take cewa a nan?"

Na ce, "Tana gaishe ka, Baba. Ta ce yaushe za ka zo gida."