Daren da na rufe Bature da tob a Damazin

Ni ban yi boko ba, amma tun da nake ba a taɓa ƙaryata ni ba sai bana, kuma jikata ce ta yi. Ta dawo daga jami'a hutu, tana kwance bisa gadona tana kallon waya, sai na ji kiɗa ya fito. Na aje jabanar gahawa da nake zubawa, na leƙa wayar.

"Waɗanga na san su," na ce. "Na gan su da idona."

Ta yi dariya har da shure-shure. "Habboba, ki ji tsoron Allah! Mutanen Ingila ne. Dubi jama'a, sun fi kasuwar Managil cika. Mi zai kai su ƙauyenku?"

Ta tambaye ni sunansu. Ina na san sunansu? Wa ke tambayar makaɗi sunansa yana tsakiyar kiɗa?

Lokacin ana aikin madatsar ruwa a Damazin, ina amarya. Maigidana na ɗaukar siminti, ni da wata ƙawata muna yi wa leburori kisra, wainar dawa. Turawan aikin na da gidan shaƙatawarsu, da shingen waya kewaye. Wata rana anka ce makaɗansu sun zo, samari huɗu, gashi har kafaɗa. Munka yafa tob, dogon mayafinmu, munka tafi, munka tsaya bakin shinge tare da matan unguwa. Nawa sabo ne fil, na lefe, ruwan ganye.

Da sunka fara, ba kunnena ya fara ji ba, cikina ne. Ƙasa na rawa ƙarƙashin takalmina. Mai ganga na zaune tsakiyar ganguna da faifan ƙarfe, hannu na bugu, ƙafa na bugu. Na ga makaɗan kalangu, na ga masu gangar dalluka a bukin Larabawa, ban taɓa ganin mutum ɗaya ya yi aikin mutum biyar ba. Har yau in injin ban-ruwa ya tashi a hawasha, wato gonarmu, wani lokaci shi nake tunawa.

Can sai mai garayar lantarki, siriri kamar karan dawa, ya faɗi bisa gwiwa. Ya gantsare, ido a rufe, yana kaɗa gashi, garayar na kuka kamar akuyar da anka raba da ɗanta. Mu kuwa mun san wanga abu. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Sun hau shi! Ɗan mutane, babu mai rufe shi?" Turawa na zaune suna tafi, ko a jikinsu. A wurinmu in iska ta hau mutum ba a barinsa tsirara gaban jama'a, rufe shi ake yi. Ban san sa'ad da na bi ta ƙofar masu dafuwa ba. Na haye dandamali, na warware tob ɗina, na lulluɓe shi tun daga kai.

Bai daina kiɗa ba. Yana ƙarƙashin tob yana ci gaba, mai ganga na dariya har sanda ta suɓuce masa. Matanmu sunka ɗauke da guɗa daga bayan shinge. Maigidana ya yi mako bai ci tuwona da daɗin rai ba.

Duk na ba jikata labarin. Ta ce, "Habboba, kin iya tatsuniya." Maigidana ya rasu, matan shingen duk sun bi shi, saura ƙawata da ke Kamlin wajen ɗanta, kuma an ce mini ta fara rikicewa. Na ji tsoro, ba na ɓoyewa. In ta manta, shi ke nan, na zama mai tatsuniya a gidana.

Na ce a kira ta. Jikata ta buɗe muryar wayar. Munka gaisa da ƙawata, ta tambaye ni mutanen da sunka daɗe a kabari. Duk da haka na ce, "Ƙawa, kin tuna makaɗan Turawa na Damazin?"

Sai ta ja tsaki.

"Waɗanda kika kunyata mu gabansu? Mahaukaciya! Makaɗan banza ma. Dare guda suna ihu, ba su wasa kowa ba. Ko babban injiniya ba su ambaci ubansa ba."

"Ke dai ba ki da kunne! Mai gangar fa?"

"Mai ganga da dama-dama. Amma mai waƙar, wallahi jakin babana ya fi shi murya."

Munka yi ta yi, tana zagina ina rama wa, har kuɗin wayar ya ƙare. Jikata na zaune baki buɗe. Na miƙa mata finjali na ce ta zuba mini, kuma ta ƙara muryar abin nan, ba na jin gangar sosai.