Sunan 'Yar Fari a Ƙofar Mitin

Asabar ɗin da aka tare matanmu a ƙofar mitin ba ta taɓa fita daga raina ba. Ni ban san shekara da lamba ba, amma na san an riga an raba mu da Binuwai, gwamnati ta riga ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, sojoji kuma suna ta maganar sauka ba su sauka ba tukuna. Daminar ce ƙanƙara ta huda kwanon ajin 'yan ɗaya, muka daɗe muna tarar ruwa da bokiti. Ku da kuke aikin makaranta yanzu, iyayen wasunku ma ba su yi wayo ba.

Lokacin ni ce mai shara a firamaren unguwarmu ta wajen Rikkos a Jos. In share azuzuwa, in cika randunan sha, idan an fita tara kuma in sayar wa yara dafa-duka a gindin mangwaro. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa yin mitin a makarantar nan ba sai ni na jera benci, don haka abin da ake faɗa a ciki ba ya wuce ni.

Ƙungiyar iyaye da malamai kuwa, ga yadda take a da. Ana zama sau ɗaya a zango. Ciyaman daga cikin iyaye ake zaɓarsa, namu Alhaji Garba ne mai gidan burodi. Hedimasta, Mista Gyang, yana zama kusa da shi. Idan ƙaramar hukuma za ta yi dokar da ta shafi yara, takan aiko wa makarantu ta ce kowace ƙungiya ta turo bakinta. A da su biyun nan ke ƙusƙus a ofis, su je su ce iyaye sun yarda, iyaye kuwa suna gida ba su ma ji labari ba.

Wannan karon dokar talla ce. An ce za a hana yaro ɗaukar faranti safe da yamma, malamai su riƙa nuna 'yan ajinsu masu yi, a kama iyayen. Mista Gyang ya ce wannan ta fi ƙarfin ofis, sai an kira iyaye an ɗaga hannu. Da yake namiji ba ya shiga gidajen kulle, ni aka aika in sanar da mata.

Ban taɓa shan kallon banza irin na makon nan ba. Duk gidan da na yi sallama sai hira ta mutu. Wata tana tankaɗe ta ce min, "Iya Tabawa, ai ke gaba ta kai ki. In an hana 'ya'yanmu, duk ciniki ya dawo gindin mangwaronki." Na ce mata tun kafin a yi mata kitson fari nake ci da gumina, ban jira dokar kowa ba. Amma maganar ta yi min ciwo.

Wadda ta saurare ni ita ce Kande. Mijinta tsohon leburan kuza ne, ƙirji ya kwantar da shi, waina take soyawa a ɗaki. 'Yarta ta fari ke kai wa masu lodin kayan gwari a Farin Gada da sassafe, ta dawo kafin a buga ƙararrawa. Da wainar nan suke ci, da ita ake sayen allo da yunifom. Kande ta ce, "Iya, in malamin ajinta ne zai nuna ta a kama ni, gara in cire ta. Ba zan iya zaɓar boko in bar tukunya ba." Yarinyar kuwa tana aji huɗu, kanta na ja. Na ce ta zo ta faɗi haka da bakinta. Mijin ya ba ta izini daga kan tabarmarsa.

Ana jibi mitin, ina share barandar ofis, na ji Alhaji Garba yana cewa, "Hedimasta, labari ya zo min. Masu abinci na kasuwa za su yi hayar mata su cika mana wuri, matan da ba su da ko ɗa ɗaya a nan. A sa malami a ƙofa. Duk wanda zai shiga ya faɗi sunan ɗansa da bakinsa, malamin aji ya gaskata."

Tsintsiya ta tsaya a hannuna. Kowa ya san Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce da muka gada: ba ta faɗin sunan, ba ta yabonsa a gaban mutane, sai dai ta ce "wancan" ko "yarinyar nan". Kuma yawancin masu talla 'ya'yan fari ne, su ne suka tasa. Alhaji Garba haifaffen Jos ne, uwarsa har ta mutu ba ta kira shi Garba ba. To mantawa ya yi? Ga shi surukinsa kansila ne, ga burodinsa da ba ya tafiya da safe saboda waina da ƙosai. Ban ga zuciyarsa ba, Allah ne ya gani. Amma ban yarda da shi ba.

Da ya tafi na leƙa na ce, "Oga, wannan sharaɗin zai kori rabin mata." Mista Gyang ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Iya, na sani. Amma in na sa baki, za a ce na shiga maganar Hausawa don in ɗaure wa wani gindi. Ke ma fa ana maganarki." Ashe har ofis an kai cewa ni ce zan kawo matan hayar. Ta can a ce ina son dokar, ta nan a ce ina yaƙarta.

Ranar Asabar bayan azahar aka sa Malam Sande a ƙofa, sabon malami ne daga kudu, Hausarsa ba ta nuna ba. Maza suka yi ta shiga, waɗanda abin ya shafi ɗan farinsu su faɗi na ƙanensa su wuce. Matan coci ma ba su sha wahala ba. Sai ga matanmu cikin mayafi, sun taru a gefe guda.

"Madam, mene ne sunan yaro naka?"

Ta farko ta sunkuyar da kai ta ce, "Yana aji uku."

"Suna, madam, suna."

Ta ja mayafi ta koma baya. Ta biyu ma haka. Malam Sande ya juya ya ce, "Ciyaman, gaskiya ne fa. Ba su san sunan yaran ba." Alhaji Garba ya fito yana gyara hula, ya ce, "To, jama'a, kun gani da idonku."

Da Kande ta matso na kasa haƙuri, na ce, "Malam, 'yarta Zuwaira ce, aji huɗu, mai zama kusa da taga."

Alhaji ya ce, "Madalla. Ga mai raba musu amsa nan ta bayyana. Iya Tabawa, koma ga bencinki. Uwa muke son ji."

Ngo Vou, wata manomiya mai kai tumatir Farin Gada, ta riga ta shiga, amma ta dawo bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Wannan mata ni na san shi, yarinyansa yana sayar mini waina kullum. Kai ba ka san al'adan gidanku ba, sai ni zan koya maka?" Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce sharaɗi sharaɗi ne, ba shi kaɗai ya kafa ba.

Mata suka fara juyawa gida, suna harara ta kamar ni na jawo su a wulaƙanta su. Kande ba ta motsa ba. Ga maza cike da taga, ga ƙanin mijinta a bencin gaba yana kallonta. Na ga yatsunta suna murɗa bakin mayafi. Sai ta ɗaga kai kaɗan ta ce, "Zuwaira. Zuwaira sunanta. Ni na haife ta."

Wata tsohuwa a bayana ta yi salati. Ƙanin mijin ya kawar da kai. Malam Sande, wanda bai san abin da ya faru ba, ya ce, "Yawwa, shiga madam."

Mista Gyang ne ya miƙe daga kujerarsa ya zo ƙofa da kansa. Ya ce, "Malam Sande, ya isa. Duk wadda maƙwabta biyu suka shaida, ta shigo." Aka bi waɗanda suka juya, wasu suka dawo, wasu fushi ya riga ya kai su gida.

A ciki Kande ta yi magana tana fuskantar bango, ba ta yi tsawo ba, abin da ta gaya min shi ta maimaita. Ngo Vou ta ce nata 'ya'yan ma suna ɗaukar kwando kafin makaranta. Wani malami ya ce gaskiya akwai yaran da ke barci a aji, akwai kuma 'yan matan da ake tsokana a tasha, wannan ma ba ƙarya ba ne. Aka yi ta ja har la'asar. Da aka ɗaga hannu, abin da ya tsaya shi ne: ƙungiya ta yarda a hana talla lokacin karatu da kuma cikin tashar mota, ba ta yarda a hana na safe da na yamma ba, kuma malami ba zai zama ɗan rahoton 'yan ajinsa ba. Aka ce Ngo Vou ta raka Alhaji Garba zuwa ƙaramar hukuma, kada maganar ta sauya kama a hanya. Alhaji ya ce wato ba a yarda da shi ba ke nan.

Abin da hukuma ta yi da dokar daga baya ban riƙe ba, mulki ya sauya, kansiloli suka watse. Amma a makarantarmu ba a sake kai bakin iyaye waje ba sai an shiga gidaje an ji, kuma kaka ko goggo mai riƙon yaro tana da hannun ɗagawa. Abin da na koya shi ne, in za a yanke magana a kan yara, kada ku tsaya kallon masu ɗaga hannu kawai. Ku fara duba wanda aka sa a ƙofa da abin da aka ce ya tambaya.

Alhaji Garba ya rasu, Allah ya jiƙansa, har ya tafi ban san ko mantuwa ya yi ba. Mista Gyang da Ngo Vou ma sun tafi. Malam Sande an ce yana Daɗin Kowa, ya yi ritaya, Hausa ta zauna a bakinsa. Zuwaira ta gama aji shida, yanzu da jikokinta. Kande na nan, ido ya yi rauni, muna gaisawa ranar Juma'a. Tun daga ƙofar nan ba ta sake kiran sunan ba. In na tambaye ta labarin 'yar, sai ta ce, "Waccan? Tana lafiya."