Mai Sikeli da Sabon Katin Asibiti

Shekara talatin da biyu ya yi yana gyaran sikeli a wani ɗan shago bayan kasuwa, tsakanin mai walda da mai ɗinkin buhu. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni, Mai Sikeli kowa ke ce masa, har matarsa. A hannun mahaifinsa ya koyi sana'ar, kuma a kan teburin nan ya ga halin mutane: mai nama ya zo a ɗan karkata masa allura, mai hatsi ya liƙa maganaɗisu ƙarƙashin faranti. Tun daga nan ya daina yarda da abin da bai kwance da hannunsa ba. Ran da likita ya ce yana da ciwon sukari, sai da ya je wani asibitin aka sake gwadawa.

Katin inshorar lafiya na jiha ne kawai ya samu shiga wurinsa, shi ma sai da aka shekara biyu ana ba shi allurarsa ta sukari duk wata ba gardama.

Wata safiya rediyon mai walda ya ce gwamnatin tarayya ta kafa sabuwar doka. Kowa zai shiga tsari ɗaya, jihohi su haɗe nasu, a canja tsofaffin katuna.

"Wa ya kai musu ƙara cewa namu ya lalace?" in ji Mai Sikeli.

"Gyara ne, maƙwabci."

"Ni ma mai gyara ne. Ba na kwance abin da ke aiki."

'Yarsa ta fari, malamar makaranta, ita ta lallaɓa shi har ofishin inshora. Ma'aikaciyar ta ɗauki hotonsa, ta miƙo hannu.

"Baba, kawo tsohon katin."

"In na ba ki, kafin sabon ya fito fa?"

"Mako biyu ne kacal."

"To, rubuta min, ki sa hannu."

Ta dubi 'yar, 'yar ta sunkuyar da kai don kunya. Da layi ya fara gunaguni, ma'aikaciyar ta ce ya riƙe abinsa.

Sai bayan mako shida katin ya fito. Ya kai shi tagar karɓar magani, mai ba da magani ya shigar da lambar a kwamfuta.

"Baba, allurarka ba ta cikin jerin magungunan sabon tsarin."

Ya yi masa bayani a hankali. Tarayya ta ɗauki haihuwa da tiyata da jinyar yara, ta ce ciwon da ake zama da shi, irin sukari da hawan jini, jiha ta ci gaba da riƙewa. Ita kuwa jiha ta rufe tsohon tsarinta, ba ta sa hannu a sabon jerin ba. Mai Sikeli ya zaro tsohon katin daga aljihu, ya ajiye kan taga.

"Wannan an kashe shi tun watan jiya."

Surukinsa, mijin 'yar, ya fara saya masa allurar, abin da ya fi shi kansa ciwon ci masa rai. Sai ya tsiri zuwa ofishin kowace Litinin. Ba ya faɗa, zama yake kan benci, duk wanda ya fito ya tambaye shi: wa ke riƙe da takardar jerin magungunan, a kan teburin wa take? A nan ya haɗu da wata tsohuwa mai hawan jini da wani direban tasi mai asma, su ma matsalarsu ɗaya da tasa. Ya sa 'yarsa ta rubuta musu koke, aka buga hatimin karɓa a gabansa.

Ana cikin haka matarsa ta je duba ƙanwarta a maƙwabciyar jiha, a can ciwon ciki ya kayar da matar tasa. Aka yi mata tiyata a ranar, da nata sabon katin, wanda da tsohon ne ko kallonsa ba za a yi a can ba. 'Yar ta kira shi.

"Baba, ka gani ko? Ba a ce mu kawo komai ba."

"Ba a ce ba tukuna."

Ya shiga mota ya je. Bayan ya ga jikin matar, ya karɓi takardun sallama ya karanta gaba da baya, ya tambayi nas inda aka ɓoye sauran maganar. Ta rantse babu saura. Ya yi godiya, amma ya riƙe sunanta.

A wata na huɗu allurar sukari ta dawo jerin, sai dai ta wani kamfani, kuma a asibitin da ke can ƙarshen gari. Maganin tsohuwar ma ya dawo. Na direban tasi ne har yau shiru, an ce yana gaban wani kwamiti da babu wanda ya iya faɗin ranar zamansa. Shi ya sa har yanzu duk Litinin shagon a rufe yake zuwa tsakar rana, masu kawo gyara kuwa sai su bar sikelinsu wurin mai walda.