Kwamfutar da Ta Ƙi Yi Mini Shaida

A shekarar da nake kammala digiri na biyu a Samaru, akwai wata al'ada a sashenmu da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma kowa ya san ta. Kafin malaminka ya sa hannu a kan aikinka, sai ka kunna manhajar da ka rubuta a kwamfutar sashe, yana tsaye yana kallo. Ba a yarda da taka ba. Dalili kuwa, an sha kama ɗalibai sun sayo aiki a Sabon Gari, an shirya musu komai a laftof, su dai su danna maɓalli lambobi su zubo. Tun daga nan malamai suka daina yarda da kowa. Ban ga laifinsu ba sai da abin ya zo kaina.

Aikina a kan ruwa ne: yadda ruwan sama ke nutsewa cikin ƙasar gona, inda yake kwanciya, inda yake gudu ya bar masara da ƙishi. A Bomo, kusa da Samaru, nake haya, daga gonakin bayan ɗakina na ɗebo ƙasar da na auna. Lissafin yana da yawa ƙwarai, shi ya sa na ɗora shi a kan katin girafik, irin wanda samari ke saya don wasan kwamfuta. Katin yana yin ƙananan lissafi masu ɗimbin yawa a lokaci guda, abin da zai ci yini sai ya gama shi kafin shayi ya huce.

Sai dai kowane kamfani da yaren da katinsa ke ji. Don haka ba a juya manhaja kai tsaye zuwa yaren kati. Ana tsayar da ita a wani tsari na tsakiya da ake kira baitkod, sai direba, wato 'yar manhajar da kamfanin katin ke bayarwa, ta ƙarasa juyawar a cikin kwamfutar da aka kunna aikin. Kamar gasara ce, an jiƙa, an niƙa, an tace, amma sai an sami mai damawa kafin ta zama koko. In direban tsoho ne bai san sabon tsarin ba, ko kallon aikin ba zai yi ba.

Ranar gwaji na sa filashina a kwamfutar sashe, na danna. Layi ɗaya ta fito da shi, ta ce ba ta san wannan tsarin ba, ta yi shiru. Na sake dannawa, kamar dannawa ce matsalar.

Malamina mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Jiya a taki ta yi aiki. Yau a tamu ta ƙi."

Na ce, "Malam, direban wannan tsoho ne. Katin yana da kyau, in an sabunta direban zai karɓa." Na yi masa bayanin baitkod daga farko har ƙarshe, har da misalin gasara.

Ya ce, "Na ji. Bayani kam kin iya."

Na juya wurin mai kula da ɗakin kwamfuta, wani dattijo da ke kallon filashin kowane ɗalibi kamar kyankyaso ne a ciki. Tun kafin in buɗe baki ya girgiza kai. Wai an taɓa sabunta wani abu a kwamfutar ana gab da jarrabawa ta mutu, shi aka kama da laifi. Tun ranar ba ta ƙara ganin intanet ba, ba a ƙara sa mata komai ba, kuma ba a kaina za a fara ba.

Na fita raina a ɓace. In Malam bai sa hannu ba kafin mai jarrabawa na waje ya zo, shekara ta tafi. Amma abin da ya fi ci mini rai, kallon da ya yi mini. Na yi tunanin sake rubuta aikin yadda tsohon direban zai gane, na duba na ga rabin dabarun da na yi amfani da su bai san da su ba, lokaci kuma babu.

Zargi yana yaɗuwa. Nan da nan ni ma na kamu. Na zargi dattijon da cewa da gangan yake yi. Na zargi wani ɗan ajinmu da na taɓa haɗuwa da shi a motar Sabon Gari, na tabbata shi ya kai gulma. Ko gaisuwa aka yi mini a baranda sai in tsaya ina juya ta, in ga me ke ƙarƙashinta.

Na koma ofishin Malam na ce masa ya zaɓi kowace kwamfuta a garin nan mai sabon direba, wadda yake so, ni zan bi shi. Ya juya biro a hannunsa, sannan ya ce ya san wani wuri, inda aka haɗa bidiyon bikin 'yarsa.

A motarsa muka tafi. Muna shiga Sabon Gari, ya karya kwana ta layin masu gyaran janareta. Masu irin wannan katin ba su da yawa a Zariya, kuma na san inda layin nan yake ƙarewa. Lokacin da fankar laftof ɗina ta lalace, a shagon nan na riƙa gwada aikina. Mai shagon ɗan majami'armu ne, haɗa bidiyon biki da na suna ne sana'arsa, bai taɓa rubuta layin manhaja ko ɗaya ba a rayuwarsa.

Na ce, "Malam, na san shagon nan. Na taɓa aron kwamfutarsa."

Ya ce, "Haka ne?" Bai ɗauke ido daga hanya ba.

Mai shago na ganina ya washe baki. "Sista, kwana biyu. Aikin ruwan nan ne kuma? Ai har yanzu fayil ɗinki na nan, ban goge ba." Ya jawo wa Malam kujera, ya aika a kawo lemo, yana ta yabona, wai aikin nan tare muka sha wahalarsa. Wahalar da yake nufi ita ce tayar da janareta. Ban taɓa jin alheri ya yi mini ciwo irin na ranar ba.

Na sa filashi, na danna. Direban ya karɓi baitkod ɗin ba gardama, taswirar gonar Bomo ta fito, ruwa yana sauka cikin ƙasa shuɗi-shuɗi, daidai yadda na rubuta a babi na huɗu. Na ce wa Malam ya canza duk lambar da yake so, ko ya buɗe manhajar ya tambaye ni kowane layi. Ya canza yawan ruwan sama, ya ga sakamakon ya canza, ya gyaɗa kai. Bai tambaye ni layi ko ɗaya ba. Da za mu fita ya riƙe hannun mai shago ya daɗe yana yi masa godiya.

Ya sa hannu a makon. Na yi jarrabawa, na ci, aka yi hotuna da babbar riga. Na ce wa kaina ai ya gani da idonsa, magana ta wuce.

Bayan wasu watanni, ina gida ina jiran aiki, sai ga kiransa. Ya ce sun sami wani bincike a kan zaizayar ƙasa, suna neman wanda ya iya rubuta manhajar katin girafik. Na miƙe tsaye da wayar a kunne don murna.

Ya ce, "Lambar mutumin nan naki na Sabon Gari ta ɓace mini. Ki turo mini ita."

Na ce, "To, Malam." Na tura masa.