Rakiyar Tanna Mai Yaye

A ƙauyukan da ke arewa da Urafan, in ka tare ƙato mai gemu ka tambaye shi wa ta yaye shi, da wuya bai sosa ƙeya ya ce maka Tanna ba. Matar wani mai suna Na Allah ce, Buzuwa ta asali, amma kakanninta sun daɗe da sayar da raƙuma sun kama hauya, ita kam da Hausa ta buɗe baki. Gajera ce, siririya kamar muciya, ga saurin tafiya, ga baki. Noma take da kiwon awaki kamar kowa, sai dai Allah ya ba ta wata baiwa. Yaron da aka cire daga nono, irin mai hana unguwa sakat da kuka, in aka kai mata shi, kafin kasuwa ta zagayo ya manta da abin da ake ciki, yana bin awaki da ludayin fura a hannu.

In mata suka matsa mata da tambayar sirrin abin, sai ta ce babu wani sirri sai goyo da haƙuri da nonon akuya. Doka ɗaya gare ta, kowa kuma ya san ta: ba ta roƙon yaro. "Mai yaye kawo mata ake yi," in ji ta. Ta sha faɗin haka a gaban jama'a har maganar ta zame mata igiya a ƙafa.

Abin da ba ta faɗa shi ne, ita da ta yaye 'ya'yan duniya, ba ta yaye ɗanta na fari ba. Sha'aibu na isa yaye uwar mijinta ta zo ta ɗauke shi zuwa Gidan Amumune, daga yaye abu ya zama riƙo, can ya girma, can ya shiga lakwal, wato makarantar boko. Tanna ba ta hana ba, don kunyar ɗan fari ba ta bar mace ta nuna tana so. Har ya yi furfurar farko ba ta taɓa kiran sunansa ba, in ya gaishe ta ma gefe take kallo ta amsa. Aikin gidan ruwa ya kai shi Agadas, can matarsa Jamila ta haifi Hafiz da Hafsa, can aka yaye su a hannun maƙwabta. Wannan abu ya daɗe yana ci mata rai. Burinta a duniya bai wuce ta goya jinin yaron nan ta yaye shi da hannunta ba.

Kowace damina, da an yi shuka, Na Allah kan kwashe iyalinsa su tare a gonar daji, kusa da wani tabki. A kafa bukkoki, a ɗaure awaki gindin aduwa, ba a komawa gari sai an yanke gero. Suna can bana aka kira Na Allah a waya. Sha'aibu ne: an maido shi aiki Tasawa, an ba 'yan lakwal bakansi, wato dogon hutun damina, za su zo gona da yara su kwana biyu. Har da ƙaramarsu Nana, wadda ta fara gudu tana haɗa magana.

Tanna na tankaɗe ta ji. Ba ta ɗaga kai ba, amma sai da garin ya zube gefen faifai. Yarinyar da ke gudu tana haɗa magana ai ta isa yaye.

Roƙo dai babu shi. Magana da ɗan farinta kuwa sai dai a lahira. Jamila malamar lakwal ce, 'yar Mayahi, zaman Agadas ya hana ta sanin ko wace ce Tanna a wannan fage. Saboda haka tsohuwa ta yanke shawarar a bar aiki ya yi magana, gani ai ya kori ji. Ta yafa zane ta shiga zagayen bukkokin maƙwabta, wai gaisuwar damina. Duk inda ta tarar da yaro maƙale da uwa sai ta riƙe haɓa ta ce, "Wanga ƙato har yanzu shina sha? To, Allah shi ba ki ƙarhi." A wurinta wannan ba roƙo ba ne. Kafin baƙi su iso an kawo mata Ɗanladi, an kawo Usman, an kawo wata Fatima mai murya kamar ta mai shela.

Na Allah ya dawo daga maimai ya tarar da su jere a tabarma, kowa na gwada ƙarfin maƙogwaronsa. Ya jingine hauya ya ce, "Tanna, lakwal za ki buɗe ke ma?"

"Kai dai sha hurarka," in ji ta.

Ranar kasuwar Urafan Na Allah ya ɗaura wa jaki amalanke ya je ya ɗauko baƙi. Suka iso da gidajen sauro da katifar soso da jarkokin ruwan famfo. Hafiz bai jira jaki ya tsaya ba ya dira. Hafsa ta ga bukka ta tambaya ina ƙofar da ake kullewa, aka yi ta dariya. Sha'aibu ya durƙusa ya gai da uwarsa, ta amsa tana kallon tukunya, amma ta wutsiyar ido ta riga ta ƙare wa Nana kallo: kumatu, ƙafafu, har da 'yar wushirya irin ta ubanta.

Wannan hutu yaran ba za su manta da shi ba. Da hantsi, in rana ta ɗan yi zafi, Tanna kan kora su tabki kamar 'yan awaki, ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, saura na biye. Ta san inda ƙasa ke da tauri, ruwa iya gwiwa, nan take tsayar da su, ita kuma ta shiga gaba ta tsaya ta zama shinge. Hafiz ya koyi ciro bado, ya ci har cikinsa ya yi ƙugi. Hafsa ta tara talibambam a ƙwarya ta ce kifinta ne, za ta kai Tasawa ta kiwata. Da suka fara fitar da ƙafafu ta zo da kuka wai an musanya mata su. Jamila da farko a bakin ruwa take tsayawa da tawul tana "A hankali, a hankali," amma ba a daɗe ba aka gan ta ta tattare zane tana watsa wa mijinta ruwa.

Wata la'asar hadari ya taso, iska ta yaye rufin bukkar baƙi ta kai shi cikin wake. Duka gidan suka dunƙule a bukkar Tanna, manya da yara da ɗan akuya, ruwa na ɗiga ta ko'ina, Na Allah na dafa shayi yana ba su labarin shekarar da tabkin ya cika har ya kama tarwaɗa da rawaninsa. Babu wanda ya yarda, babu kuma wanda ya so ya daina.

Ziyara kuwa ba a magana. Kusan kullum da yamma sai an cika amalanke an nufi bukkokin dangi, a sha nono nan, a ci kwaɗon tafasa can, a koma da kaza ko ƙwan zabi. Tanna ce ke zaɓen inda za a je, kuma ko'ina aka sauka sai zance ya karkata wuri guda. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya gaishe su a hanya, ƙato ne har babur na nishi a ƙarƙashinsa, ta nuna shi da baki ta ce wa Jamila, "Kin ga wanga? Ni na yaye shi. Ƙashi da hwata anka kawo mini shi." Mutumin ya rasa inda zai sa kansa. Jamila ta yi dariya ta ce lalle Inna hannunki da albarka. Tanna ta ji kamar an ba ta Makka.

Ita ma Nana ta ba da kai. Ta fara da leƙen ludayin Usman, ta koma ƙwace na Fatima, daga baya in ba Tanna ce ta dama fura ba sai ta ture. Tsohuwa ta ga alamar nasara. Kullum tana jiran Jamila ta zo ta durƙusa ta ce, Inna, ga Nana nan.

Gero ya fara ƙosawa, an gasa wa yara tumun farko, hutu ya zo ƙarshe. Suna wanki a bakin tabki da Tanna, Jamila ta ce, tana kallon kumfa, "Inna, in mun koma zan wuce da Nana Mayahi wajen tsohuwata, a cire ta. Lakwal ta kusa buɗewa."

Tanna ta matse rigar da ke hannunta har ruwan ya ƙare ta ci gaba da matsa. Ta ce, "Madalla. Allah shi sa a yi a sa'a." Ranta ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin da ta sani tun tana yarinya, ranar da aka ɗauki Sha'aibu.

Na Allah ne ya kawo mata dalili, don shi ɗansa ya saba gaya wa magana in suna noma. Ya same ta bayan bukka tana tatsar akuya, ya tsuguna yana danne dariya. "Kin san mi? Don ke sunka zo da ɗiyar. Tun Tasawa sunka shirya a bar miki ita. Da sunka iske ki da ukku, matar ta ce rashin kunya ne a ƙara ma tsohuwa kaya. Kin yi tallar da ta kori mai saye."

Akuya ta sha matsa ranar. Tanna ta yi tunanin mayar da yaran nan uku gidajensu kafin gari ya waye, amma ta san yaron da aka mayar wa uwa a tsakiyar yaye, an ɓata shi ke nan, sai an sake sabon kuka daga farko. Ta dubi Ɗanladi yana barci da furar da ta bushe a kumatu, ta san ba za ta iya ba. Na Allah ya ce bari shi ya yi magana, kalma ɗaya ce. Ta ce in ya kuskura, shi da fura sai dai ya gani a hannun wasu. Aike ai roƙo ne, ko ta bakin wa ya fito.

Ranar tafiya aka ɗaure kaya a amalanke. Tanna ta bar yaranta uku wajen maƙwabciya ta ce za ta taka wa baƙi. Ta sunkuci Nana ta goya, wai don uwar ta huta. Rakiya a nan iyakarta bakin gona, mai zumunci sosai ya kai tabki. Suka kai bakin gona ba ta tsaya ba. Suka wuce tabki. Jamila ta ce, "Inna, ki koma haka nan, rana na yi." Ta ce ai tana so ta duba waken maƙwabcinsu Danda da ke gaba. Suka wuce waken Danda ko kallonsa ba ta yi ba. Na Allah na kora jaki yana tari irin na mai ɓoye dariya, Sha'aibu kuwa ya sunkuyar da kai. A haka, da ƙafa, ta raka su har tashar Urafan, Nana ta daɗe da yin barci a bayanta.

Mota ta cika, direba na ta danna oda. An loda katifa, Hafiz da Hafsa sun shige sun kama taga. Jamila ta zagayo bayan surukarta ta miƙa hannu biyu don ta karɓi 'yarta. Tanna ta ji hannun a kan majanyi. Duk maganar da ta tsara a hanya ta gudu, ta kuma san in ta kwance wannan goyo ba za ta ƙara samun irinsa ba. Sai ta ɗan matsa gaba, ta kama bakin majanyin ta ƙara tamke shi, ta gyara tsayuwa.

"To," in ji ta, tana kallon tayar mota, "ku gai da mutanen Tasawa. Allah shi kiyaye hanya."

Ta juya ta kama hanyar gona.

Jamila ta tsaya da hannu a miƙe. Ta dubi mijinta, ta dubi bayan tsohuwar da ke ƙara sauri kamar wadda ta ɗauki abin wani. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. Ta fizgo jakar kayan Nana daga mota ta bi ta da gudu, ta rataya mata a kafaɗa a hankali don kada yarinyar ta farka. "Inna, ba su yi miki yawa ba?"

"Mai ukku ba ta jin nauyin huɗu," in ji Tanna. "Tahi kar ta buɗe ido ta gan ki."

Jamila ta shafa ƙafar 'yarta sau ɗaya ta koma. Sha'aibu ya ɗaga murya daga bakin mota ya ce, "Mun gode, Inna." Ba ta waiwaya ba, hannu kawai ta ɗaga.

Sun yi nisa a amalanke, ita da Na Allah, garin ya ɓace bayan gero, sannan Nana ta farka. Ta duba dama ta duba hagu babu uwarta. Ta ja numfashi ta saki wata ƙara da ta sa jaki ya noƙe kunne, tana dukan bayan kakarta da hannu bibbiyu. Na Allah ya toshe kunne ɗaya ya ce, "Ga abin da kika yi ta nema nan. Lallashe ta mana, ke da kin san dabara."

Tanna, wadda ba ta taɓa barin ɗan wani ya yi kuka a bayanta ba tare da ta jijjiga shi ba, ta zauna tana saurare, fuskarta jiƙe, tana murmushi.

"Bar ta ta ɗan yi," ta ce. "Na ubanta ban samu na ji ba."