Wai mu ne "Matan Atamfa"

Ina cikin tankaɗe ƙanena ya miƙo min waya, wai yana buɗe mana shafi a kundin ilimi na intanet. Sunan shafin "Matan Atamfa" ne, laƙabin da 'yan siyasa suka liƙa wa mu matan unguwar Sabon Layi bayan mun dawo daga gudun hijira, wai da turmi ɗaya ake sayen ƙuri'armu.

Na ce, "Goge!"

Ya ce, "Haba Adda, jarida ma ta buga."

Na ce, "Ta buga cewa na kowace jam'iyya mun karɓa, mun ɗinka wa yaranmu da suka dawo ba riga, sannan kowa ta dangwala wa wanda ranta ya so? Da wannan sunan jikokina za su san ni?"

Ya goge yana gunaguni.

Jama'a, ashe zagin kamfe ma ilimi ne?