Mai gadin da bai shigo wayata ba

Tun 'yata ba ta iya magana sosai ba nake tsoron waya. Sana'ata turara shinkafa a nan Kura, kuma in na ɗora durom a wuta ba na son yarinyar kusa. Abin da ke zaunar da ita wuri ɗaya shi ne in miƙa mata wayata. Ni kuwa karatuna bai yi nisa ba, ban san me yatsanta zai buɗe ba ina can ina juya shanya.

Ƙanwar maigidana tana koyon haɗa manhaja a Kano. Da ta zo salla na faɗa mata damuwata. Ta ce ai aikin da suke yi ke nan ita da ƙawayenta: manhaja ɗaya mai hawa kowace irin waya, a cikinta kuma sun cusa wani ɗan mai gadi da ke shiga burauza, wato inda ake buɗe shafukan intanet, yana tare hotunan banza. Ta gwada a tata wayar, tsadaddiyar nan, na ga shafi ya ƙi buɗuwa. Ta tura min, ta koma makaranta.

A layinmu abu ba ya tsayawa a hannu ɗaya. Kafin wata kasuwa ta ci, matan duk sun karɓa, waya zuwa waya, ba ko data. Kowacce ta ga koren tambari a fuskar wayarta, hankali ya kwanta. Ni har na riƙa barin yarinyar da wayata ina tsakar gida.

Ran nan na shiga ɗaki ɗaukar kwano, na leƙa. Kyanwa yarinyar take kallo a wayar tana dariya, amma a gefen shafin akwai hoton da ba zan iya siffantawa ba. Ban san ko ta gani ba. Na karɓe wayar, ta yi kuka, na goya ta na koma bakin wuta.

Da na kira ƙanwar, ta tambayi irin wayata, na faɗa mata. Sai ta ce manhajar dai ta hau, amma mai gadin bai shiga ba, don burauzar wayoyinmu ba ta karɓar irinsa. Ko a tata ma sai da ta je saiti ta kunna shi da hannu.

"To koren nan fa?" na ce.

"Matar Yaya, koren ado ne. Ba mu gwada a irin taku ba."

Na ce mata 'yan birni ke nan, su kawo maka ƙyaure su bar bango.

Na bi gidajen layin ina faɗa. Wasu suka goge, wata ta ce a bar mata, koren yana mata kyau. 'Yata yanzu gwangwanaye take wasa da su a bakin ƙofa, inda idona yake kaiwa, wuta kuma tana nan kusa.

In an tura miki irin wannan manhaja, don Allah ki nemi wanda ya iya ya gwada miki a wayarki kina kallo, kafin ki miƙa wa yaro.